Shekara tara ana mata maganin sanyi, ashe tsargiya ce ta taɓa mahaifa

Wannan labarin wata 'yar'uwarmu ce da ke aure a Garwa, a arewacin Kamaru. Ita ta nemi a rubuta shi, da sharaɗin kada a kama sunanta ko na gidan mijinta. Cewa ta yi: "Yaya, ki faɗe shi yadda yake, har da wuraren da ake jin kunya, don na san irina suna da yawa a bakin kogin nan." Aikina ungozomanci ne, saboda haka duk inda labarin ya iso kan abin da ya shafi jiki zan dakata in yi bayani, yadda mai karatu za ta iya auna nata halin.

An haife ta a wani ƙauye da ke ƙasa da madatsar ruwan Lagdo, wadda aka gama ginawa a kan kogin Binuwai a 1982. Mahaifinta manomin shinkafa ne a fadamun da ake shayarwa da ruwan madatsar, yana kuma taɓa su. Tun tana 'yar shekara biyar ƙafarta ba ta rabo da ruwa. Wanki da wanke-wanke a bakin magudanar ruwa, ɗiban ruwa safe da yamma, cirar ciyawa a gonar shinkafa ruwa har gwiwa, ga wankan rafi da zafin Maris da Afrilu ke tilasta wa kowane yaro a ƙasar nan. Tana wajen shekara goma ta fara ganin ɗigon jini a ƙarshen fitsari. Yayyenta maza duk suna yi, ba wanda ya tada hankali. A garinsu an ɗauki tsargiya ciwon samari, wasu ma na cewa alamar girma ce. Uwarta ta jiƙa mata sassaƙe ta sha. Kafin ta kai sha biyar jinin ya ɗauke don kansa, aka ce ta warke. Ƙwayoyin tsutsa da ake raba wa 'yan firamare ba su taɓa isowa gare ta ba, domin ita makarantar allo take zuwa da safe, da hantsi ta ɗauki talla.

Ɗaukewar jinin ba warkewa ba ce. Tsargiya tsutsa ce da ke renon 'ya'yanta a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwa mai kwanciya. 'Ya'yan suna fitowa su yi iyo, ido ba ya ganin su, kuma ba sai an sha ruwan ba: ta fata suke shiga cikin 'yan mintoci, abin da mutum zai ji bai wuce ƙaiƙayi ba. Bayan wata biyu zuwa uku sun girma, mace da namiji sun haɗu sun zauna a jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara da mahaifa. Suna rayuwa shekara uku zuwa biyar, wasu fiye da haka nesa, macen tana zuba ɗaruruwan ƙwai kullum. Kowane ƙwai yana da ɗan tsini. Wasu su huda bangon mafitsara su fita da fitsari, shi ne jinin da ake gani. Sauran su maƙale a nama. A jikin mace suna maƙalewa a farji, a bakin mahaifa, a cikin mahaifar, a bututun da ƙwan haihuwa ke bi, har a gidan ƙwai. Jiki yakan kewaye kowane ƙwai da kumburi, kumburin ya zama tabo, tabon ya taurare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata da 'yan mata kimanin miliyan 56 ne ke ɗauke da wannan nau'i na ciwon a Afirka kudu da Sahara. Duk inda ake noman shinkafa da ruwan madatsa a arewacinmu, daga Lagdo zuwa Maga da Yagwa har tsallaken Logon a Cadi, wurin zaman dodon koɗin nan ne.

An yi mata aure tana sha bakwai, aka kawo ta Garwa. Mijin direban babbar mota ne, yana bin hanyar Ngaundere zuwa Marwa har Kusuri. Tun a watannin farko abubuwa uku suka dame ta: zafi can ciki idan sun kusanci juna, ɗan jini a zane bayan haka ko da ba lokacin al'ada ba ne, da ruwa mai ƙaiƙayi da ba ya yankewa. Ta gaya wa maƙwabciya, maƙwabciya ta ce sanyi ne. Mai kantin magani ma ya ce sanyi ne, ya haɗa mata kafso da ƙwayar matsi. Ta sha, ƙaiƙayin ya lafa na sati biyu, ya dawo. Haka ta riƙa zagaye. A wani ɗakin shan magani an yi mata allura an ba ta ƙwayoyin sati biyu, irin waɗanda ake ba mai ciwon mara da ya samo asali daga saduwa, an kuma ce ta kawo mijinta. Maganin daidai ne ga ciwon da aka yi zato, sai dai ba wanda ya sa ta kwanta ya duba, ba wanda ya tambaye ta inda ta tashi. Kuma kalmar "kawo mijinki" ta jefa zargi a gidan. Shi ya ce bai san kowa a waje ba, to daga ina ta samo? Ita kuma tana kallon mutumin da ke kwana a tashoshi. Sun yi watanni suna magana sama-sama a kan ciwon da babu hannun ɗayansu a ciki.

Shekara ta biyu ta wuce babu ko ɓatan wata. A ƙa'idar asibiti, idan ma'aurata sun shekara guda suna tare ba tare da tsarin iyali ba kuma ciki bai shiga ba, lokacin bincike ya yi. Idan matar ta haura 35, wata shida ake jira. Ita sai da aka bi da ita ta kowace hanya banda wannan. An ba ta matsi na kanwa da alimun, an sa ta zama a ruwan bagaruwa mai zafi. Ina roƙon mata su bar cusa waɗannan abubuwa. Fatar wurin laushi gare ta, kanwa da alimun suna ƙona ta su busar da ita, su kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke tsare wurin, kuma ga macen da tsargiya ta riga ta yi wa miki, ƙara buɗe mikin suke yi. Wata ƙawarta ta sayo mata kulomid, ƙwayar da ke tunzura gidan ƙwai. Ta sha wata shida a jere. Wannan ƙwaya an yi ta ne don macen da ƙwanta ba ya fita, irin wadda al'adarta ke tsallake watanni. Ita kuwa al'adarta kowane kwana 28 take zuwa, ƙwanta na fita lafiya. Hanyar da zai bi ce ta lalace, kuma babu ƙwayar da ke gyara wannan.

A shekara ta huɗu uwar mijin ta kira ɗanta ta ce ya ƙara aure. Amarya ta haihu kafin shekara ta zagayo. Daga ranar sunan, duk wata shakka ta tashi daga kan mijin ta tare a kanta. Ta ce ba zagi ya fi ci mata rai ba, shirun da mata ke yi idan ta shigo ana hirar goyo shi ya fi. An kai ta ruƙiyya don wasu sun ce namijin dare ne. Malamin, Allah ya saka masa da alheri, ya yi mata addu'a, ya ba ta abin karantawa, sannan ya ce wa mijin: "Malam, jini bayan saduwa ba aikin aljani ba ne, ka kai ta likita ya duba." Maganar ta shiga kunne, amma tafiya ta taso, aka ɗage.

A shekara ta shida al'adarta ta ɓata. Ta yi gwajin fitsari, layi biyu suka fito, alamar ciki ya shiga. Ba ta gaya wa kowa ba sai uwarta, don tsoron baki. Wajen sati na bakwai ta fara ganin ɗigon jini baƙi-baƙi, da suka a gefen mara na dama. Tsofaffi suka ce cikin ne yake son kwanciya, aka ba ta rubutu da jiƙo. Kwana uku bayan haka, da asuba, ta miƙe za ta yi alwala ta yanke jiki ta faɗi. Kafin nan ta ce ta ji ciwo a kan kafaɗarta, abin da ya ba ta mamaki tunda ba ta ɗauki kaya ba.

Cikin ya zauna ne a bututu. Bututun nan tsawonsa kamar santimita 10 ne, wani wuri faɗin ramin bai wuce milimita ɗaya ba, kuma cikinsa akwai 'yan gashi ƙanana masu tura ƙwai zuwa mahaifa. Idan tabo ya ƙuntata shi, maniyyi yakan iya wucewa don ƙanƙantarsa, amma ƙwan da aka riga aka barbara ya maƙale a hanya ya fara girma a nan. Bututu ba ya buɗewa kamar mahaifa, yawanci tsakanin sati shida zuwa goma yake fashewa, jini ya riƙa zuba a cikin ciki inda ba a gani. Ciwon kafaɗar nan jinin ne ya taru ya taɓo tantanin da ke ƙarƙashin huhu. Duk macen da ta yi ɓatan wata, ta ga ɗigon jini, ta ji ciwo a gefe ɗaya, ranar nan za ta je a yi mata eko, wato hoton ciki da ake ɗauka da na'ura, ba gobe ba. Idan jiri ko suma ko ciwon kafaɗa ya biyo, ko tsakar dare ne a nemi mota. Wannan ciki ba ya kwanciya kuma ba a mayar da shi mahaifa.

An yi mata aiki, an cire bututun dama, ƙanin mijinta da wani maƙwabci suka ba da jini. Ta rayu. Da aka sallame ta, abin da ta fahimta kawai shi ne "an cire mata wani abu", kuma cikin gida aka yi ta cewa an cire mahaifa. Shekara uku ta zauna da wannan zato, alhali al'adarta na zuwa kowane wata, wanda shi kaɗai ya isa shaida cewa mahaifa na nan. Wannan yana ɓata mini rai. Bayanin minti biyar da takarda ɗaya da an zana mata da sun cece ta daga baƙin cikin shekaru. Mace ta tambaya kafin ta bar gadon asibiti: me aka cire, ta wane gefe, ɗayan lafiyarsa ƙalau? Ta kuma adana takardar aikin.

Jinin bayan saduwa ne ya sake kai ta asibiti a shekara ta tara, don ta ji a rediyo cewa yana cikin alamun sankarar bakin mahaifa. A wannan karon likitar mata ce ta gan ta. Ta sa ta kwanta, ta sa ɗan ƙarfen da ake buɗe gaba da shi, ta haska da fitila mai ƙarfi. Bakin mahaifar ya yi dabbare-dabbare ruwan ɗorawa, kamar an barbaɗa rairayi a ƙarƙashin fata, jijiyoyin jini sun yi murɗe-murɗe, auduga na taɓawa jini ya tsatso. Likitar ta ɗago ta ce: "'Yar'uwa, a ina kika tashi? Kina shiga rafi kina yarinya? Kin taɓa fitsarin jini?" Ta ce a shekara tara na yawon neman magani, ranar aka fara yi mata waɗannan tambayoyi.

Abin da ya biyo baya zan jera shi yadda aka yi, don wadda za ta je ta san abin da za ta tarar. An ɗauki fitsarinta tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, domin a lokacin ƙwai suka fi fita, an ce ta tara har da ɗigon ƙarshe. Ba a ga ƙwai ba. Likitar ta ce hakan ba ya wanke ta: a jikin babbar mace sau da yawa fitsari yana fita tsaf alhali ƙwai na binne a bakin mahaifa. An yanki ɗan nama kaɗan daga wurin aka aika gwaji, don a tabbatar ba sankara ba ce, tunda ido kaɗai yakan iya rikita su. An ɗauki ruwan gaba don neman cututtukan saduwa, an yi gwajin ƙanjamau da yardarta, domin mikin tsargiya yana sauƙaƙa wa wannan cuta shiga. Duka suka fito babu. Sakamakon naman ya dawo da ƙwan tsargiya a ciki.

Maganin ƙwaya ce guda, farazikwantel, a jikin kwali za a ga an rubuta praziquantel. Ana auna nauyi, a ba da miligiram 40 ga kowane kilo, a sha gaba ɗaya. Ƙwaya ɗaya miligiram 600 ce. Ita kilo 52 gare ta, aka ba ta uku da rabi. Sai an ci abinci an ƙoshi ake sha, a haɗiye da ruwa kada a tauna don ɗacinta na sa amai. Ta yi jiri da murɗar ciki na yini guda, washegari ta tashi garau. A gane iyakar maganin: yana kashe manyan tsutsotsi, ya tsayar da sabon ƙwai, kumburin da bai daɗe ba ya sace. Tabon da ya riga ya taurare ba ya narkar da shi. Shi ya sa ƙwayar da za a ba yarinya 'yar shekara takwas ta fi wadda za a ba matar aure amfani nesa ba kusa ba. Ita dai cikin watanni jinin bayan saduwa ya ragu har ya zama sai jefi-jefi, ƙaiƙayin ya tafi.

Sai hoton bututu, wanda likitoci ke rubutawa HSG. Ana yin sa bayan jinin al'ada ya ɗauke kuma kafin ƙwai ya fita, wato wajen kwana na 7 zuwa na 10 idan aka ƙirga daga ranar da jini ya fara. Ba a yi idan akwai zaton ciki ko ana fama da ciwon mara mai zazzaɓi. An ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta don kariya, da na rage zafi awa ɗaya kafin a fara. Ana zura ɗan siririn roba ta bakin mahaifa, a tura wani ruwa da na'urar hoto ke gani, a ɗauki hoto yana tafiya. Zafinsa kamar murɗar al'ada mai ƙarfi, na 'yan mintoci. A dama ruwan ya tsaya, inda aka yanke. A hagu ya bi a hankali ya zube ta ɗaya bakin. Bututun hagu a buɗe yake, mahaifa kuma siffarta daidai. Ta ce da likitar ta nuna mata hoton ta ce "ga mahaifarki nan", kuka ya hana ta tashi daga kujera.

Da aka zo kan mijin sai ya ce: "Likita, ni ai ina da 'ya'ya biyu." Aka yi masa bayani cewa haihuwar bara ba ta shaidar bana, zazzaɓi mai zafi, ciwon sanyi, kumburin jijiyar maraina, har da tsargiyar kanta suna iya canza maniyyi. Ya yarda a yi masa gwajin maniyyi. Ana ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, a tara duka a kwalbar da ɗakin gwaji ya bayar, a miƙa cikin awa ɗaya, a riƙe ta jikin mutum kada ta yi sanyi ko ta sha rana. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya sa iyakar ƙasa a ƙwayoyin maniyyi miliyan 16 cikin kowane mililita, kuma kashi 30 cikin ɗari su kasance masu tafiya gaba. Idan sakamako ya yi ƙasa ana maimaitawa bayan wata uku, don kusan tsawon lokacin da sabon maniyyi ke ɗauka ke nan. Nasa ya fito lafiya.

Amma hirar ta tono wani abu da ba wanda ya taɓa lissafawa. Mutumin sati ɗaya yake yi a gida cikin wata, satin kuma a raba shi biyu tsakanin mata biyu. Ƙwan mace yana fita kamar kwana 14 kafin al'ada mai zuwa, kuma bai wuce yini guda da rai ba. Maniyyi yana iya jira har kwana biyar. Ke nan ranakun da ciki ke shiga ba su wuce shida a wata ba, ga mai zagayen kwana 28 daga wajen kwana na 9 zuwa na 14. Watanni da yawa yana can hanyar Kusuri a waɗannan ranaku. Aka ba ta kalanda tana sa alama. Shi ya riƙa daidaita lodinsa gwargwadon iko. Abin da ya fi ba ni sha'awa a labarin nan shi ne abokiyar zamanta. Da ta ji bayanin, ita da kanta ta ce: "Yaya, idan ranakun sun faɗo a girkina ki karɓa, kya rama mini daga baya." Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma addini bai hana ba, tunda Nana Sauda ta bar wa Nana A'isha kwananta.

Likitar ba ta yi musu alkawari ba. Ta ce su ba abin shekara guda. Idan bai yiwu ba, abin da ya rage shi ne haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a dasa a mahaifa, wanda ba ya buƙatar bututu. Ana yin sa a Kamaru tun 1998 da aka haifi jaririn farko ta wannan hanya a Duwala, akwai kuma cibiyar gwamnati a Yawunde da aka buɗe a 2016. Sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin gidajenmu, ga tafiya zuwa Ngaundere a kwana a jirgin ƙasa, ga zama na makonni, kuma ba kowane gwaji ke kamawa ba.

Ba su kai ga haka ba. Kafin shekarar ta cika ta yi ɓatan wata. Wadda ta taɓa yin ciki a bututu tana da haɗarin maimaitawa, kamar mace ɗaya cikin goma, don haka an gargaɗe ta kada ta jira wata uku kamar yadda aka saba. A sati na shida aka yi eko ta gaba, aka ga jakar ciki zaune a tsakiyar mahaifa. Ta sayi takardar cek sante ta sefa 6,000, wadda ke ɗauke da awo da eko da haihuwa har da aiki idan ya kama, ta yi awonta ba fashi, ta sha ƙwayar ƙarin jini da ta rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Ta haifi ɗa namiji da kanta. Ba zan ce wa kowa farazikwantel ne ya kawo cikin ba. Bututu ɗaya ya tsira, kumburi ya sauka, an gyara lissafin kwana, Allah kuma ya nufa. Akwai waɗanda aka gano nasu bayan bututun biyu sun toshe, kuma ba kowace toshewa ce ta tsargiya ba: cututtukan saduwa da ba a yi wa magani ba, ƙazantar da ke shiga bayan ɓari ko haihuwa, da tarin fuka duk suna yin wannan ɓarna.

Da ta je wankan jego gida, ta tara ƙannenta mata da 'ya'yan yayyenta ta kai su ɗakin shan magani aka auna su aka ba su ƙwayar. Uku daga cikinsu suna fitsarin jini ba su taɓa faɗa ba. Ta sani maganin ba rigakafi ba ne, duk wadda ta koma ruwan za ta sake ɗauka, don haka shan sa kowace shekara ne ga mazauna wurin. Hana su shiga gonar shinkafa ba mai yiwuwa ba ne, abincinsu ke nan. Abin da ta iya shi ne ta saya wa uwarta manyan randuna biyu: ruwan wanka da wanki a ɗebo a ajiye kwana biyu cur kafin a taɓa, domin 'ya'yan tsutsar ba sa wuce haka da rai idan ba su sami jikin mutum ba, ana amfani da ɗaya ɗayar na kwana. Idan ana sauri a ɗora ruwan a wuta ya yi zafi sosai, a bar shi ya huce. Mahaifinta kuma ya sa an haƙa masai a bayan gida, aka hana yara yin fitsari a magudanar ruwa, tunda ta nan ƙwan ke komawa ga dodon koɗi.